Me Ya Sa Katun Ke Fitowa a Shafe? Fashin Baƙi Kan Kusurwar Kyamara da Zanen Fage

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara fitar da bidiyo daga 'yan layukan da aka rubuta musu, wata tambaya ke yawo tsakanin matasan da ke yin katun suna ɗorawa a YouTube da TikTok: wai har yanzu akwai amfanin mutum ya zauna ya zana allon labari, wato jerin zanen abin da za a gani a fim, kafin ya fara aiki? Masu kallo kuma suna da nasu ƙorafin, wanda ya girmi wannan muhawarar. Za ka ga labari mai ma'ana, muryoyi sun zauna daram, amma hoton a shafe yake: mutum biyu tsaye gefe da gefe a gaban katanga, bakinsu kaɗai ke motsi har a yi minti goma. Idan kuma aka ce bari a burge, sai kyamara ta haye sama, amma gidan da ke baya yana nan yadda yake kamar an manna shi da gam, ƙafafun mutanen ba su taɓa ƙasa ba.

Galibi laifin kan faɗa kan kwamfuta mara ƙarfi ko manhajar kyauta. Ba nan gizo ke saƙar ba. Inda za a tsayar da kyamara da yadda za a zana wurin da abin ke faruwa shawara ɗaya ce, kuma a kan allon labari ake yanke ta, tun kafin a motsa ko yatsan ɗan wasa. Tun ran gini tun ran zane.

Mene ne allon labari, kuma wace kyamara ake magana?

Allon labari jerin ƙananan zane ne a cikin akwatuna. Kowane akwati yana nuna abin da mai kallo zai gani a wani lokaci na fim, a ƙasansa ko gefensa an rubuta magana da motsi da tsawon lokaci. Fitowa guda, misali gaisuwa a zaure, tana ƙunshe da ɗauka da yawa, ita kuma ɗauka ita ce abin da ake gani daga yanka zuwa yanka. Ɗauka ɗaya na iya cin akwati ɗaya tak idan babu motsi, tana iya cin biyar ko shida idan mutum zai shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya miƙe.

A kamfanin Walt Disney na Amurka tsarin ya kankama a farkon shekarun 1930. Ana danganta shi da wani mai zane, Webb Smith, wanda ya riƙa zana kowane mataki a takarda daban yana kafe su a bango, ta yadda za a cire guda a sauya mata wuri ba tare da an taɓa sauran ba. Japanawa suna da nasu salon da suke kira e-konte: takarda a tsaye, akwatuna a jere daga sama zuwa ƙasa, ga gurbin lamba, ga na bayanin motsi, ga na magana, ga na lokaci. Idan an rubuta 3+12 a gurbin lokaci, ana nufin daƙiƙa 3 da firam 12, wato daƙiƙa uku da rabi, tunda firam 24, wato hotuna 24 da ke bin juna, ke cikin daƙiƙa guda.

Kalmar kyamara ce ke rikita sababbin shiga. A katun na zanen hannu babu wata na'ura da ke tsaye a cikin ɗakin labarin. Mai ɗaukar fim a Kannywood idan kusurwa ba ta yi masa ba, ɗaga kyamararsa zai yi ya matsa taku uku, ɗakin yana nan yana jiransa. Mai katun kuwa idan ya matsa taku uku, sai ya sake zana ɗakin daga sabon wurin, da tabarma da buta da bakin ƙofa, kuma ya sake zana mutanen da ke ciki. Kyamara a nan sunan wurin da aka tsayar da mai kallo ne kawai. Shi kuwa fage, wato duk abin da ke bayan 'yan wasa da gabansu da ƙarƙashin ƙafarsu, shi ne shaidar da ke nuna wa mai kallo inda aka tsayar da shi.

Layin ido, inda kyamara da fage suke haɗuwa

Idan za a koyi abu ɗaya kaɗai daga wannan fanni, to layin ido ne. Ka tsaya a fili fetal ka dubi inda sama ta haɗu da ƙasa: wannan layin daidai tsayin idonka yake. Ka hau rufin mota, layin zai hau tare da kai. Ka kwanta, zai sauko. Saboda haka a kowane akwati na allon labari, layi ɗaya da aka ja a kwance yana faɗin tsayin kyamara daga ƙasa, ko da kuwa a cikin ɗaki ake inda katanga ta rufe shi.

Ga amfaninsa a aikace. A ce kyamara tana tsayin idon baligi, kimanin mita 1.6, kuma ƙasa a shimfiɗe take. Duk baligin da ke tsaye mai irin wannan tsayin, layin zai ratsa ta idonsa, ko yana kusa ko yana can ƙarshen titi. Kawunansu za su jeru a layi ɗaya, ƙafafu ne za su riƙa hawa sama gwargwadon nisa. Idan aka sauke kyamara zuwa tsayin ƙugu, layin zai ratsa ƙugun kowa. Aka kai ta gwiwa, gwiwar kowa. Da wannan ake cika kasuwa da mutane ba tare da wani ya zama samudawa wani ya zama wada ba. Mutanen da ke yawo a iska a katun, kusan kullum dalilin shi ne an zana fage da layin ido ɗaya, an zana ɗan wasa da wani layin dabam, aka haɗa su.

A kan wannan layin ne layukan gini ke haɗuwa. Gefen titi biyu, ko saman katanga da gindinta, idan suka miƙe nesa za ka ga suna matsowa har su taru a ɗigo ɗaya, matattara. Tun 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ka'idar a Italiya, kuma ba ta sauya ba. In kyamara na fuskantar bango kai tsaye, matattara ɗaya ce. In tana kallon kusurwar gini, biyu ne, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma ya kamata a nesanta su har su fita daga akwatin, domin idan suka matso kusa ginin zai yi tsini kamar bakin kwalekwale. In aka ɗaga kai ana kallon dogon abu daga gindinsa, irin hasumiyar Gobarau ta Katsina ko ta babban masallacin Agadas, sai matattara ta uku ta shigo a can sama, layukan tsaye su ma su riƙa matsewa.

Abin da ke sama da layin ido ana ganin ƙasansa, abin da ke ƙasa da shi ana ganin samansa. Wanda ya zana saman tebur da saman kabad mai tsayin mita biyu duk a akwati ɗaya, ya kuma zana fuskar mutumin da ke tsaye kai tsaye, ya tsayar da mai kallo a wuri biyu lokaci guda. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya lalace ba, zai dai ce hoton bai yi ba.

Akwai wurin da labarin Hausa ya bambanta da darussan da ake gani a intanet. Mafi yawan misalansu na mutanen da ke tsaye ne ko zaune kan kujera. Mu kuwa rabin zancenmu a kan tabarma ake yin sa. Idon baligin da ke zaune a ƙasa bai wuce santimita 70 zuwa 80 daga ƙasa ba. Idan aka bar kyamara a mita 1.6, to kallon rawanin dattijo ake daga sama, an ƙanƙanta shi ba da niyya ba. A sauke layin ido zuwa tsayin masu zama, sai wanda ya shigo a tsaye ya cika akwatin har kansa ya kusa fita, in ya durƙusa gaisuwa ya sauko cikin layin. Ladabin ya fito a hoto ba sai an faɗe shi da baki ba.

Wani abin lura: ginin ƙasa ba ya bin rula. Katangar tubali tana da kauri a gindi tana sirancewa a sama, kusurwoyinta a dunƙule, zankwaye ba su zama tsayi ɗaya cif. A ja layukan matattara da rula don a san inda komai yake, sannan a zana ginin a kansu da hannu sake. In ba haka ba, soro zai fito kamar kwalin sabulu.

Abin da kusurwa da nisa suke faɗa

An saba koyar da cewa kyamara daga ƙasa ƙarfi take nunawa, daga sama kuma rauni. Akwai gaskiya a ciki, amma riƙe ta kamar karatun haddace yana ɓata aiki. Tambayar da ta fi amfani ita ce: da idon wa ake kallo? Uba daga ƙasa, idan ta idon ɗansa ɗan shekara huɗu ne, yana iya zama abin tsoro, yana iya zama inuwa da mafaka, gwargwadon haske da yanayin fuska. Kallon yarinya daga sama a tsakiyar tasha yana iya nuna ta ɓata, yana kuma iya nuna mahaifiyarta ce ta hango ta daga tagar mota. Karkatar da kyamara gefe, salon da ya yi tashe a fina-finan Jamus na shekarun 1920, yana nuna abu ya fita daga hayyacinsa, amma yaji ne, in ya yi yawa ya kashe miya.

Nisa ma magana ce. Ɗauka daga nesa tana amsa tambayar ina muke, da su wa. Daga ƙugu zuwa kai ita ce ta zance da motsin hannu. Fuska kaɗai ta abin da ke cikin zuciya ce, kuma a ajiye ta sai lokacin da ta cancanta, don wanda ya fara fitowa da fuska cike da allo ba shi da inda zai matsa idan zancen ya yi zafi. Ga mai zanen fage wannan na da ma'ana ta kuɗi: ɗauka daga nesa kusan duk fage ce, ta fuska kuwa wani lokaci launi ɗaya da inuwar ƙofa sun wadatar.

Sai gilashin kyamara, wanda masu ɗaukar hoto ke aunawa da milimita. Ko da babu gilashi a zanen hannu, mai zane yana kwaikwayon halinsa. Mai faɗi, kamar 24, yana ƙara girman abin da ke kusa ya tura na nesa can, ɗan ƙaramin ɗaki ya zama falo, hannun da aka miƙo ya fi kai girma. Mai nisa, 85 zuwa sama, yana matse tazara, cunkoson Kantin Kwari ya zama bango na mutane. Manhajar Blender, wadda ake yin katun da ita, tana buɗewa da 50, wanda ke tsaka-tsaki, kuma mutane da yawa suna gama fim ba su taɓa wannan lambar ba. A kan takarda, matattara kusa da juna ita ce gilashi mai faɗi, nesa da juna ita ce mai nisa.

Taswira da layin da ba a tsallakawa

Kafin akwati na farko, a zana wurin daga sama kamar taswirar maginin gida: ga ƙofar zaure, ga ƙofar shiga tsakar gida, ga inda tabarma take, ga ta inda rana ke shigowa. A sa ɗigo a inda kowane mutum yake, a ja kibiya ta hanyar da zai bi. Sannan a sa ƙananan alamun kyamara a ba su lamba. Aikin minti goma ne, amma shi ke hana ƙofa ta tashi daga hagu ta koma dama tsakanin ɗauka biyu.

A kan taswirar ake jan layi tsakanin mutum biyun da ke magana. Duk kyamarorin fitowar su zauna a gefe ɗaya na layin, cikin rabin da'ira, shi ya sa ake kiranta ka'idar digiri 180. Muddin aka kiyaye ta, wanda ke hagu yana kallon dama zai ci gaba da haka, abokin maganarsa kuma yana dama yana kallon hagu. Da zarar an tsallaka, dukansu za su fuskanci gefe ɗaya kamar ɗaya ya juya wa ɗaya baya. Mai kallon ƙwallo ya san wannan ba tare da an koya masa ba: babbar kyamara gefe ɗaya take zama, in ba haka ba ba zai san wa ke kai hari ba. Haka ma tafiya. Yaron da ya bar gida yana tafiya dama, ya ci gaba da tafiya dama har ya isa makaranta. In aka juya shi a tsakiya, mai kallo zai ɗauka ya fasa ne ya koma gida. Wasu darussa suna cewa hagu zuwa dama shi ne ci gaba, amma wannan sabo ne na masu karatun boko. Wanda ya tashi da allo da ajami daga dama yake farawa. Ka zaɓi gefe ka riƙe shi kawai.

Ana iya tsallaka layin da gangan, ta hanyar nuna mutumin ya taka ya sauya wuri a idon mai kallo, ko a sa ɗauka ɗaya da ke kan layin daidai kafin a koma ɗaya gefen. Ƙanwar wannan ka'ida ita ce ta digiri 30: idan za a yanka daga mutum zuwa shi kansa, kyamara ta matsa aƙalla digiri 30, ko girman ɗaukar ya sauya sosai. In ba haka ba yankan zai yi kama da bidiyo ya yi tsalle.

Yadda ake gina fage ya yi zurfi

Fage mai zurfi yana da hawa uku: abin da ke gaban 'yan wasa, inda suke tsaye, da abin da ke can baya. Katun ɗin da ke fitowa a shafe yawanci hawa na gaba ne babu. Gefen ƙofa mai duhu, reshen darbejiya, kafaɗar wanda ake magana da shi, ko bakin randa a kusurwar akwati sun isa su sa mai kallo ya ji yana cikin wurin. Abu ya riƙa rufe wani ɓangare na wani abu. Kaya a jere kowanne shi kaɗai kamar a shagon kwano ba sa nuna wanne ya fi kusa.

A matakin allon labari launi bai zama dole ba. Toka kala uku sun isa: mai duhu, matsakaiciya, mai haske. Wurin da duhu da haske suka fi karo da juna nan ido ke fara sauka, don haka nan fuskar mai magana za ta kasance. A gwada ta hanyar rage akwatin ya koma girman akwatin ashana, ko a kanne ido a kalle shi. In ba a gane wanda ake so a kalla ba, fage ya cinye ɗan wasa. Wannan ne babban kuskuren gwanayen zane: a zuba dagi da ado a bango daidai bayan kan jarumi, a zana kowane tubali. Ado ya koma gefe, bayan kai a bar shi fili.

Abin da ke nesa yana dusashewa, launinsa ya yi fari-fari, gefunansa su yi laushi. Wanda ya taɓa hango Dutsen Dala ranar hazo bai buƙatar a yi masa bayani. Rana ma a kula da ita. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, da tsakar rana inuwa gajera ce a ƙarƙashin ƙafa, dogayen inuwoyi na hantsi ne da la'asar. A rubuta lokacin fitowa a kan taswira, a sa kibiyar haske, kuma kowane akwati ya bi ta.

Sai haɗuwar layi, wadda ke shammatar ko ƙwararre: falwaya tana fitowa daidai daga tsakiyar kan mutum, ko gefen taga ya taɓa hancinsa, ko tafin ƙafarsa ya zauna daidai kan gindin akwati. Ido yana ɗauka abubuwan biyu manne suke, zurfin ya mutu. Maganin shi ne a matsa ɗayan, ko dai su rabu sarai ko ɗaya ya rufe ɗaya sarai.

Idan kyamara za ta motsa

Duk motsin kyamara lissafi ne da mai allon labari zai rubuta wa mai fage. A hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080, idan kyamara za ta bi mai keke a wuri mai faɗin allo biyu, fage zai zama aƙalla 3840 a faɗi, da ɗan rara a kowane gefe. Idan za ta matso har rabin faɗin hoton ya cika allo, a zana shi ninki biyu, 3840 da 2160, in ba haka ba zai farfashe. A akwatin ana zana firam na farko da na ƙarshe, a sa musu A da B, a haɗa kusurwoyinsu da kibiya, a rubuta daƙiƙa nawa.

Akwai bambanci tsakanin kyamara ta juya kai tana tsaye, da ta yi tafiya. In ta juya kai kawai, komai na tafiya tare, falle ɗaya na fage ya isa. In tafiya ta yi, na kusa yana wucewa da sauri na nesa a hankali, kamar yadda ake gani ta tagar mota: abin da ke mita 2 yana gudu ninki biyar na wanda ke mita 10. Dole a raba fage falle-falle, kuma a zana abin da ke bayan kowane falle, don idan bishiya ta gusa kada a tarar da rami. Matsalar da ta sa kamfanin Disney ya ƙera kyamara mai hawa-hawa ke nan, wadda ya fara amfani da ita a 1937, zane a kan gilasai da aka jera sama da juna. Misalin da suka riƙa bayarwa shi ne farin wata: in ka matso kusa da gida da dare gidan yana girma, wata ba ya girma. Yau manhajoji kyauta irin su OpenToonz da Blender suna yin wannan, amma ba za su raba maka fallen da ba ka raba ba.

Gudu ma yana da iyaka. Masu ɗaukar fim suna da ƙiyasin cewa a firam 24, abu ya ɗauki wajen daƙiƙa 7 kafin ya ratsa allo daga gefe zuwa gefe, in ya fi haka sauri hoton yana karkarwa, musamman mai layukan tsaye da yawa kamar shinge. Kuma ko da ana zana mutane sau 12 a daƙiƙa don rage aiki, tafiyar fage a kowane firam ake yin ta.

Kowace kusurwa da farashinta

A ɗauki katun na minti 5, daƙiƙa 300. In kowace ɗauka ta kai daƙiƙa 4, ɗauka 75 ke nan. Wanda ya zana allon labari ba taswira yana iya ƙarewa da fage 75 dabam-dabam. Wanda ya tsara wurare uku, kowanne da kusurwa biyar da za a riƙa komawa gare su, fage 15 zai zana, kuma yana iya ciro ɗauka ta kusa daga cikin babban fage in an zana shi da girma. Shi ya sa ake rubuta lambar fage a kowane akwati.

Salon aikin ma yana da ta cewa. Masu amfani da 'yan wasan da aka harhaɗa gaɓa-gaɓa, a manhajar Moho ko Toon Boom Harmony, galibi suna da mutum ta gaba, ta gefe, ta tsakanin biyun, da ta baya, duk a tsayin ido. Kusurwa daga sama na nufin sabon zane daga kai har ƙafa. Ba haramun ba ne, amma a kashe wannan kuɗin a wuri ɗaya ko biyu da labarin ya juya. A katun mai siffa uku, wato 3D, kuma kyamara kyauta take yawo, abin da ke jawo wata cutar: tana shawagi ba dalili, tana leƙa inda ba a gina ba. Allon labari ne ke faɗin bangon da ba za a taɓa gani ba, don kada a ɓata mako guda ana gina shi.

Ƙarancin kayan aiki ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, ya fara yin katun da zanen hannu a shekarun 1960, babu kwamfuta ko ɗaya, daga baya kuma ya yi da 'yan tsana.

Waya a tsaye ta sauya lissafi

Yawancin masu kallo yanzu a waya suke, kuma TikTok da gajerun bidiyon YouTube tsaye suke, 9 da 16. Idan aka yanke hoton 1920 da 1080 don ya tsaya, abin da zai rage a faɗi 608 ne kacal, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mutum biyu gefe da gefe ba za su shiga ba. A tsaye, ana jera mutane ne a zurfi, ɗaya kusa ɗaya nesa, ko a tsayi, ɗaya zaune ɗaya tsaye, wanda ya dace da zaman tabarmar da aka ambata. Ƙasan allo da gefen dama rubutu da maɓallan manhaja ne ke rufe su, kada a sa fuska ko abin hannu mai muhimmanci a nan. Wanda zai fitar da aiki iri biyu ya ja layukan tsaye biyu a kowane akwati tun farko, ya ajiye zuciyar ɗaukar a tsakaninsu.

To ina muhawarar ta tsaya, kuma wa ta shafa?

Masu cewa allon labari ya zama tsohon yayi suna da hujja. Mutum ɗaya da waya yanzu yana fitar da hoto mai sheƙi cikin mintuna, kasuwar intanet tana son sabon bidiyo kullum, kuma ba kowa ya iya zane ba. Ga ɗan barkwanci na daƙiƙa talatin a ɗauka ɗaya, gaskiyarsu ce.

Amma da zarar labari ya kai ɗauka goma, raunin ke bayyana. Manhajar ƙirƙirarriyar basira tana fitar da kowace ɗauka ne kusan ita kaɗai, don haka taga kan sauya wuri, inuwa ta juya, wanda ke kallon dama ya koma kallon hagu. Kowane gwaji kuma yana cin data da kuɗin rajista, waɗanda galibi da dala ake biya. Wanda ya san yana son kyamara a tsayin mai zama, ƙofa a hagu, haske daga dama, zai faɗa wa manhajar haka, ko ya ba ta ɗan zanensa ta bi, ya kuma gane da wuri idan ta kauce. Rashin iya zane ba uzuri ba ne mai ƙarfi: da'ira a matsayin kai, hanci da ke nuna inda ake kallo, layin ido da gefen ƙofa sun isa akwati ya yi aikinsa.

Abin ya fi shafar masu ba da kwangila, kamar ƙungiyoyin da ke son katun na wayar da kai kan rigakafi ko tsaftar ruwa, da makarantu da 'yan kasuwa. Gyara a kan allon labari gogewa ce da sake zane na minti biyar. Gyara bayan an motsa fitowa sake aikin kwanaki ne, kuma nan ake rigima kan wa zai biya. A irin wannan katun kusurwa ba ado ba ce: in ana koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari, kyamara ta dubi hannu da kofi daga sama kusa, a kan fage fili, ba daga nesa a cikin kicin mai tarkace ba. Mai ba da aiki ya nemi a jera masa akwatunan a bidiyo tare da muryoyin gwaji, kowane akwati ya tsaya daidai daƙiƙun da aka rubuta masa, ya kalla a irin wayar da jama'arsa ke riƙewa, ya nuna wa wanda bai san labarin ba, sannan ya sa hannu a fara zanen fage.